Tsada da Araha a Kasuwar 'Yan Ƙwallo: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da aka buɗe kasuwar saye da sayar da 'yan wasa a Turai, muhawarar magoya baya ba ta wuce abu ɗaya: wane an zuga masa kuɗi, wane kuma an same shi a ɓagas. Yawancin wannan muhawara tana tsayawa ne a kan adadin da aka gani a kanun labarai, alhali adadin ɓangare ne kawai na lissafin da ƙungiya take yi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi a kan wannan batu.

Idan ƙungiya ta biya miliyoyi a kan ɗan wasa, mene ne ainihin abin da ta saya?

Abin da ake biya diyya ce ga ƙungiyar da ɗan wasan yake da kwantiragi da ita, domin ta yarda ta sake shi kafin wa'adin ya cika, ta miƙa rajistarsa ga sabuwar ƙungiya. Saboda haka tsawon abin da ya rage a kwantiragin shi ne ƙashin bayan farashi. Kafin shekarar 1995, ƙungiyoyin Turai suna iya neman kuɗi a kan ɗan wasa ko da kwantiraginsa ya ƙare. Wani ɗan wasan Beljiyam mai suna Jean-Marc Bosman, wanda ƙungiyarsa ta RFC Liège ta hana shi komawa Dunkerque ta Faransa a 1990, ya kai ƙara, kuma a watan Disamba na 1995 kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya. Tun daga wannan hukunci, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana tafiya ba tare da an biya ƙungiyarsa komai ba, kuma wannan ne ya sa darajar ɗan wasa take raguwa a duk watan da ya wuce ba tare da ya sabunta yarjejeniya ba.

Wa ke yanke farashin, kuma da me yake la'akari?

Babu wata hukuma da ke yanke farashi. Mai saye yana tayawa, mai sayarwa yana cewa albarka, har a kai inda za a sallama ko cinikin ya watse. Ƙwarewar ɗan wasa tana cikin lissafi, amma tare da ita akwai shekarunsa, da yawan shekarun da suka rage a kwantiraginsa, da gurbin da yake bugawa, da tarihin raunukansa, da ƙarfin aljihun mai saye, da kuma ko wane ɓangare ne ya fi matsuwa.

Abin da ya faru da masu tsaron ragar Chelsea a bazarar 2018 ya nuna wannan a fili. Thibaut Courtois yana da saura shekara ɗaya a kwantiraginsa kuma ya nuna yana son tafiya, don haka Real Madrid ta same shi a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai kimanin fam miliyan 35. Chelsea ta wayi gari babu gola ana gab da rufe kasuwar Ingila, sai ta biya Athletic Bilbao kusan fam miliyan 72 a kan Kepa Arrizabalaga, wanda ya zama gola mafi tsada a duniya. Babu wanda zai ce Kepa ya ninka Courtois iya tsaron raga. Courtois ne gwarzon wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a 2022, Kepa kuwa ya rasa gurbinsa cikin shekara biyu, aka sayo Édouard Mendy. Bambancin farashin ya fito ne daga kwantiragi da kuma gaggawa.

Athletic ba ta ma shiga ciniki ba. A Sifaniya, kwantiragin ɗan wasa yana ɗauke da wani adadi da aka gindaya, wanda idan aka biya shi ƙungiyar ba ta da ikon hana ɗan wasan tafiya. Da wannan hanya Real Madrid ta ɗauke Luís Figo daga Barcelona a shekarar 2000, kuma da ita aka ɗauke Neymar.

Me ya sa ake yawan cewa cinikin Neymar ne ya lalata kasuwa?

A watan Agusta na 2017, Paris Saint-Germain ta biya Yuro miliyan 222 da aka gindaya a kwantiragin Neymar a Barcelona. Kafin nan, cinikin da ya fi kowanne tsada shi ne na Paul Pogba daga Juventus zuwa Manchester United a 2016, a kan Yuro miliyan 105, wato an ninka tarihin fiye da sau biyu a tashi ɗaya. Har yanzu ba a biya wannan adadi a kan wani ɗan wasa ba.

Illar ta fi bayyana a kan ƙungiyar da ta karɓi kuɗin. Duk duniya ta san Barcelona tana riƙe da Yuro miliyan 222, kuma ta san tana buƙatar ta rufe bakin magoya bayanta da sabon tauraro, don haka duk wanda ta je wa sai ya ɗaga farashi. Borussia Dortmund ta sayo Ousmane Dembélé daga Rennes a kan kimanin Yuro miliyan 15 a 2016, bayan kaka ɗaya ta sayar wa Barcelona shi a kan miliyan 105 da ƙarin tsarabe-tsarabe. A Janairun 2018 Liverpool ta sallama Philippe Coutinho a kan miliyan 120, da yiwuwar ƙarin miliyan 40. A 2019 aka ƙara Antoine Griezmann a kan miliyan 120. Waɗannan uku sun cinye kuɗin Neymar sun ƙara da bashi, kuma babu ko ɗayansu da ya cike gurbinsa. An ba da aron Coutinho ga Bayern Munich, inda ya zura wa ƙungiyar da ta mallake shi ƙwallo biyu a wasan da Bayern ta ci Barcelona 8 da 2 a Lisbon a 2020, sannan aka sayar da shi ga Aston Villa a 2022 a kan kimanin Yuro miliyan 20. A watan Agusta na 2021 shugaban ƙungiyar, Joan Laporta, ya bayyana cewa bashin da ke kanta ya kai Yuro biliyan 1.35, a daidai lokacin da ta kasa sabunta kwantiragin Lionel Messi saboda ƙa'idar albashi ta gasar La Liga.

Liverpool kuwa, a watan da ta sayar da Coutinho ta sayo Virgil van Dijk daga Southampton a kan fam miliyan 75, sannan a bazara ta ɗauko Alisson daga Roma a kan kimanin fam miliyan 66. A lokacin an ce dukkansu biyu an zuga musu kuɗi, domin ba a taɓa biyan irin wannan a kan mai tsaron baya ko gola ba. Ƙungiyar ta ɗauki Kofin Zakarun Turai a 2019 da kofin Firimiya a 2020. A ganina, kuɗin Neymar bai lalata kasuwa da kansa ba. Ya dai bambanta ƙungiyar da ta san raunin tawagarta da wadda take neman suna kawai.

Adadin da jaridu suke bugawa shi ne abin da ƙungiya take kashewa?

Da wuya ya zama shi ne. Yawancin ƙungiyoyin Ingila ba sa bayyana farashi, sai dai kowane ɓangare ya tsegunta wa 'yan jarida adadin da ya fi yi masa daɗi: mai sayarwa ya haɗa da duk tsarabe-tsarabe, mai saye ya faɗi uwar kuɗin kawai. Tsarabe-tsaraben sharuɗɗa ne, kamar ƙarin kuɗi idan ɗan wasan ya buga wasa kaza ko idan ƙungiyar ta ɗauki kofi, kuma wasunsu ba a taɓa biyansu. Uwar kuɗin ma kashi-kashi ake biya cikin shekaru.

Akwai kuma abin da ba ya shiga kanun labarai. Wakilan 'yan wasa suna karɓar la'adarsu, kuma alƙaluman hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila sun nuna ƙungiyoyin Firimiya sun biya wakilai sama da fam miliyan 400 a cikin shekarar da ta ƙare a farkon 2024. A cinikin ƙasa da ƙasa, dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin ga ƙungiyoyin da suka horar da ɗan wasan tun yana shekara 12 zuwa 23. Wani lokaci tsohuwar ƙungiyarsa tana da kaso a cikin cinikin gaba, kamar yadda River Plate ta samu rabonta lokacin da Benfica ta sayar da Enzo Fernández. Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne albashi, wanda a ƙungiyoyi da yawa yake cinye fiye da rabin kuɗin shiga.

To ɗan wasan da aka ɗauka kyauta ai shi ne araha, ko ba haka ba?

Wani lokaci haka ne. Andrea Pirlo ya koma Juventus kyauta daga AC Milan a 2011 ya ɗauki kofin Serie A sau huɗu a jere, kuma Robert Lewandowski ya koma Bayern Munich kyauta a 2014 ya ci mata ƙwallo sama da 300. Sai dai kuɗin da ba a biya ƙungiya ba, galibi ɗan wasan da wakilinsa ne suke karɓar wani kaso nasa, a matsayin kuɗin sa hannu da albashi mai tsoka.

A ɗauki misali na lissafi kawai. Ƙungiya ta sayi matashi mai shekara 23 a kan fam miliyan 60, tana biyansa fam 100,000 a mako na shekara biyar, wato miliyan 26, sannan ta sayar da shi miliyan 40. Abin da ya fita daga aljihunta miliyan 46 ne, kimanin miliyan 9 a shekara. Wata ƙungiyar ta ɗauki mai shekara 31 kyauta, ta ba shi miliyan 10 na sa hannu da fam 350,000 a mako na shekara uku, kuma bayan nan babu mai sayensa. Ta kashe kusan miliyan 65, wato fiye da miliyan 21 a shekara. Magoya baya za su zagi ta farko su yaba wa ta biyu, alhali ta biyun ce ta fi kashe kuɗi.

Alexis Sánchez ya koma Manchester United a Janairun 2018 ta hanyar musaya da Henrikh Mkhitaryan, ba a biya Arsenal tsabar kuɗi ba, amma an ba shi albashin da ya fi na kowa a ƙungiyar, ya ci ƙwallo 5 a wasa 45. Ɓarnar irin wannan albashi ba ta tsayawa a kan mutum ɗaya, domin duk ɗan wasan da ya zo sabunta kwantiragi daga baya da shi zai auna kansa.

Me ya sa 'yan wasan Ingila suka fi takwarorinsu tsada?

Dalilai biyu ne suka haɗu. Na farko doka ce: a tawagar mutum 25 da ƙungiyar Firimiya take yi wa rajista, waɗanda ba a raina a gida ba kada su wuce 17. Wanda aka raina a gida shi ne wanda ya yi kaka uku a ƙungiyar Ingila ko ta Wales kafin ya cika shekara 21, ko daga wace ƙasa ya fito. Ƙwararru a wannan rukuni ba su da yawa, kuma manyan ƙungiyoyi duk su suke nema. Bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, an kuma hana ƙungiyoyin Ingila ɗauko yara 'yan ƙasa da shekara 18 daga waje tun daga Janairun 2021.

Dalili na biyu shi ne mai sayarwar ba ya jin yunwa. Kuɗin nuna wasannin Firimiya a talabijin na cikin gida ya kai fam biliyan 6.7 na shekara huɗu daga 2025, ban da na ƙasashen waje, kuma ana raba shi ta yadda ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ma take samun abin da ya fi na zakarun wasu ƙasashen Turai. Saboda haka Leicester ta iya tsayawa a kan fam miliyan 80 kafin ta saki Harry Maguire a 2019, Aston Villa ta karɓi miliyan 100 a kan Jack Grealish a 2021, West Ham ta karɓi har zuwa miliyan 105 a kan Declan Rice a 2023. Mai saye yana samun abu ɗaya a madadin ƙarin kuɗin, wato ɗan wasan da ya riga ya san gasar. Wani lokaci wannan ya cancanci abin da aka biya, kamar yadda Rice ya nuna a Arsenal, wani lokaci kuma farashin ya zama kaya a kan ɗan wasan, kamar yadda Maguire ya daɗe yana fama.

Akwai lokacin da ya fi haɗari a yi sayayya?

Watan Janairu, da ranar rufe kasuwa, da kuma bayan babbar gasa. A ranar 31 ga Janairun 2011 Chelsea ta biya Liverpool fam miliyan 50 a kan Fernando Torres, ita kuma Liverpool ta juya cikin 'yan sa'o'i ta biya Newcastle miliyan 35 a kan Andy Carroll, domin Newcastle ta san nawa ke hannunta kuma ta san lokaci ya ƙure mata. A ranar dai Liverpool ta kammala sayen Luis Suárez daga Ajax a kan ƙasa da miliyan 23, cinikin da aka daɗe ana shiryawa. Carroll ya tafi da asara, Suárez ya ci ƙwallo 31 a Firimiya a kakar 2013 zuwa 2014, aka sayar da shi ga Barcelona da riba mai yawa.

Kofin Duniya kuwa wasa bakwai ne kacal ga ƙasar da ta kai ƙarshe a tsarin da aka bi har zuwa 2022, kuma wasa bakwai ba su isa auna ɗan wasa ba. Benfica ta sayo Enzo Fernández a tsakiyar 2022 a kan Yuro miliyan 10 da ƙari kaɗan. Bayan Ajantina ta ɗauki kofi a Qatar, Chelsea ta biya Yuro miliyan 121 a ranar ƙarshe ta Janairun 2023. Ɗan wasa ne mai kyau, amma ƙwarewarsa ba ta ninka sau goma cikin wata shida ba.

Me ya sa Chelsea ta riƙa bai wa 'yan wasa kwantiragin shekara takwas?

A littafin lissafin ƙungiya, ba a rubuta kuɗin sayen ɗan wasa gaba ɗaya a shekarar da aka saye shi, ana raba shi ne a kan shekarun kwantiragi. Fam miliyan 100 a kwantiragin shekara biyar yana zama miliyan 20 a kowace shekara, a kwantiragin shekara takwas kuwa miliyan 12.5. Tunda a lokacin dokar kashe kuɗi ta Firimiya ta hana ƙungiya asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku, tsawaita kwantiragi ya zama hanyar sayen 'yan wasa da yawa ba tare da an ƙetare iyaka ba. Bayan Todd Boehly da kamfanin Clearlake sun sayi Chelsea a 2022, sun bai wa Enzo Fernández da Mykhailo Mudryk kwantiragin shekara takwas da rabi. Hukumar UEFA ta toshe wannan ƙofa a tsakiyar 2023, ta ce rabon kada ya wuce shekara biyar ko da kwantiragin ya fi haka, Firimiya ma ta bi sahu a ƙarshen shekarar.

Dabarar tana da fa'ida idan ɗan wasan ya yi kyau, domin an ɗaure shi na dogon lokaci a kan matsakaicin albashi. Idan bai yi kyau ba, ƙungiya ta ɗaure kanta da shi. Dokar kashe kuɗin ta Firimiya kuma ba ta wasa ba ce: an rage wa Everton maki 10 a Nuwamban 2023, aka mayar 6 bayan ɗaukaka ƙara, sannan aka ƙara rage mata 2, Nottingham Forest kuma ta rasa 4.

Shin wannan lissafin ne yake sa ƙungiyoyi sayar da yaran da suka raina?

Shi ne. Yaron da ya taso a makarantar horarwa ta ƙungiya ba a saye shi ba, don haka duk abin da aka sayar da shi riba ce tsagwaronta, kuma ana rubuta ta nan take a shekarar da aka yi cinikin. Fam miliyan 55 da Chelsea ta karɓa a kan Mason Mount a 2023 ya isa ya rufe rabon shekara ɗaya na sayayyar sama da miliyan 250.

Daga nan ne musayar da ake zuga wa farashi ta samo asali. A 2020 Barcelona da Juventus sun yi musayar Arthur da Miralem Pjanić, aka sa wa na farko Yuro miliyan 72, na biyu miliyan 60. Kuɗin da ya canza hannu kaɗan ne, amma kowace ƙungiya ta rubuta riba mai yawa a littafinta. Hukumomin Italiya sun binciki yadda Juventus take sa farashi a irin waɗannan cinikayya, aka rage mata maki 10 a 2023. Duk wanda ya auna darajar ɗan wasa da farashin irin wannan musaya, ganin kitse yake yi wa rogo.

Yaya ake gane ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Ana haɗa kuɗin saye da albashi da la'ada, a cire abin da aka samu lokacin sayarwa, sannan a duba abin da ya rage a kan yawan wasannin da ɗan wasan ya buga da abin da ya ƙara wa ƙungiya. Real Madrid ta ba da misalin ɓangarorin biyu. Ta biya fam miliyan 80 a kan Cristiano Ronaldo a 2009, farashin da ba a taɓa gani ba a lokacin. Ya ci ƙwallo 450 a wasa 438, ya ɗauki Kofin Zakarun Turai huɗu, sannan aka sayar da shi ga Juventus a kan Yuro miliyan 100 yana da shekara 33. Da wuya a samu ciniki mai riba kamar wannan. A 2019 ta biya kimanin Yuro miliyan 100 a kan Eden Hazard, mai shekara 28 da saura shekara ɗaya a kwantiraginsa da Chelsea. Ya ci ƙwallo 7 a wasa 76 cikin kaka huɗu da jinya ta cinye, aka raba gari ba tare da an samu ko sisi ba, ya yi ritaya a 2023.

Ya kamata a raba hukunci biyu a nan. Raunin da Hazard ya yi ta samu ba wanda ya hango shi, domin a Chelsea yana cikin masu yawan buga wasa. Amma biyan irin wannan kuɗi a kan wanda zai zama kyauta bayan wata goma sha biyu, kuma wanda shekarunsa suka nuna ba za a sake sayar da shi da daraja ba, kuskure ne da ake iya gani tun ranar da aka sa hannu.

Laifin ɗan wasa ne idan ya gaza kai darajar kuɗinsa?

Ba shi ya sa wa kansa farashi ba, kuma kuɗin ba aljihunsa suka shiga ba. Sau da yawa matsalar ita ce an sayi mutumin da bai dace da salon koci ba. Chelsea ta biya fam miliyan 97.5 a kan Romelu Lukaku a 2021 bayan ya taimaka wa Inter ta ɗauki Serie A, a tsarin da aka gina don ya dace da shi, sai aka sa shi a wani tsari daban, bayan kaka ɗaya aka mayar da shi Inter aro. Dembélé da aka yi shekaru ana kira asara a Barcelona ya koma Paris Saint-Germain a 2023 a kan kimanin Yuro miliyan 50, ya ɗauki Kofin Zakarun Turai da kyautar Ballon d'Or a 2025.

Wasu ƙungiyoyi ne suka fi iya saye da araha?

Waɗanda suke saye kafin sunan ɗan wasa ya fito, kuma suke shirya magajinsa tun kafin ya tafi. Brighton ta ɗauko Moisés Caicedo daga Independiente del Valle ta Ekwado a 2021 a kan kimanin fam miliyan 4.5, ta sayar wa Chelsea a 2023 a kan miliyan 115. Mai ƙungiyar, Tony Bloom, da Matthew Benham na Brentford, dukkansu sun zo ƙwallo da ƙwarewar nazarin alƙaluma, kuma suna amfani da ita wajen zaƙulo 'yan wasa a gasannin da manyan ƙungiyoyi ba sa dubawa. Dortmund ta yi haka da Jadon Sancho da Jude Bellingham, Benfica ta yi da Darwin Núñez. Leicester da ta ɗauki Firimiya a 2016 ta sayi Jamie Vardy fam miliyan 1 daga Fleetwood, Riyad Mahrez ƙasa da rabin miliyan daga Le Havre, N'Golo Kanté miliyan 5.6 daga Caen.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wannan hanya tana da faɗuwa. Southampton ta yi shekaru tana sayar da zaratanta da riba, irin su Luke Shaw da Adam Lallana da Sadio Mané da van Dijk, har ranar da waɗanda aka sayo a madadinsu suka kasa, ta faɗi daga Firimiya a 2023, tare da Leicester ɗin. Ƙananan ƙungiyoyi kuma suna da damar da manya ba su da ita, wato haƙurin barin matashi ya yi kaka guda yana kuskure. Ƙungiyar da ake jira ta ɗauki kofi kowace shekara tana biyan Brighton kuɗin wannan haƙurin ne.

Za a iya dogara da farashin da shafin Transfermarkt yake sa wa 'yan wasa?

Ƙiyasi ne da masu bibiyar shafin suke tattaunawa, masu kula da shi su tabbatar. Yana da amfani wajen kwatanta 'yan wasa, amma bai san matsin da mai saye yake ciki ba, don haka bambanci tsakaninsa da farashin gaske ba hujja ba ce cewa an yi cuta.

Kuɗin Saudiyya ya canza kasuwar?

Ya canza ɓangaren masu shekaru. A watan Yunin 2023 asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya karɓi kashi 75 cikin 100 na Al-Hilal da Al-Nassr da Al-Ittihad da Al-Ahli, kuma a wannan bazara ƙungiyoyin Turai suka samu mai sayen 'yan wasan da darajarsu ta fara sauka: Liverpool ta karɓi kimanin fam miliyan 40 a kan Fabinho, Manchester City ta karɓi kimanin miliyan 30 a kan Mahrez yana da shekara 32. Al-Hilal ta biya kimanin Yuro miliyan 90 a kan Neymar, ya buga mata wasa 7 kafin a soke kwantiragin a Janairun 2025. China ta yi irin wannan yunƙuri, har Shanghai SIPG ta sayi Oscar kimanin fam miliyan 60, amma harajin kashi 100 cikin 100 da aka ɗora wa manyan cinikin 'yan waje a 2017 ya kashe kasuwar cikin ɗan lokaci.

Ƙungiyar da ta fi kashe kuɗi ita ke ɗaukar kofi?

Binciken masanin tattalin arziki Stefan Szymanski a kan ƙwallon Ingila ya nuna cewa, idan aka duba shekaru masu yawa, jimillar albashin ƙungiya ce take bayyana matsayinta a teburi, fiye da abin da ta kashe a kasuwa nesa ba kusa ba. Dalilin shi ne albashi yana bin ƙwarewar da aka riga aka tabbatar, farashin saye kuwa caca ce a kan abin da bai faru ba tukuna. Manchester United ta kashe sama da fam biliyan 1 tun bayan ritayar Alex Ferguson a 2013, a kan irin su Pogba da Sancho da Antony, ba ta sake ɗaukar Firimiya ba. Pogba ya bar ta kyauta a 2012, ta sake sayensa fam miliyan 89, ya sake barinta kyauta a 2022.

Akwai alamar farashi zai sauka?

Ya taɓa sauka a 2020 lokacin annobar korona, da filaye suka zama babu 'yan kallo, amma ya dawo ya wuce inda yake. A bazarar 2025 ƙungiyoyin Firimiya sun kashe kimanin fam biliyan 3, kuma Liverpool ta biya Newcastle miliyan 125 a kan Alexander Isak, ciniki mafi tsada a tarihin Birtaniya a lokacin. Abubuwa biyu ne za su iya taka wa kasuwar birki. Na farko shi ne dokar UEFA da ta ce daga kakar 2025 zuwa 2026, abin da ƙungiya take kashewa a albashi da sayen 'yan wasa da la'adar wakilai kada ya wuce kashi 70 cikin 100 na kuɗin shigarta. Na biyu shi ne hukuncin da kotun Tarayyar Turai ta yanke a ranar 4 ga Oktoban 2024 a ƙarar ɗan wasan Faransa Lassana Diarra, wadda ta samo asali daga rikicinsa da Lokomotiv Moscow, inda ta ce wasu dokokin FIFA a kan ɗan wasan da ya karya kwantiragi sun saɓa wa dokar Tarayyar. Idan ya zama ɗan wasa zai iya barin kwantiragi a kan diyyar da ba ta kai farashin kasuwa ba, ƙarfin mai sayarwa zai ragu, kuma kuɗin zai karkata zuwa albashi da kuɗin sa hannu kamar yadda ya faru bayan hukuncin Bosman. FIFA ta fitar da dokokin wucin gadi a Disamban 2024, amma cinikin bazarar 2025 ya gudana a kan tsarin da aka saba.